Neman shawara: Ɗalibaina sun haddace duba majiyyaci a takarda, amma hannunsu bai iya ba

Mai tambaya, malamar koyar da aikin jinya:

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki. Ina koyar da ɗaliban jinya 'yan aji biyu a wata jami'a da ke arewa maso yammacin Najeriya, kuma a wannan zangon an ɗora mini darussa biyu, wato duba lafiyar majiyyaci tun daga kai har ƙafa, da dabarun inganta lafiyar al'umma. Ɗaliban sun haura ɗari, ɗakin gwajinmu kuwa mutum-mutumi biyu ne a cikinsa da 'yan na'urorin awon jini. A rubuce ba su da matsala. Idan aka tambaye su matakai huɗu na duba jiki, kallo da taɓawa da ƙwanƙwasawa da saurare, za su zayyano su ba gargada, har su ƙara da cewa idan ciki ake dubawa ana fara saurare kafin a taɓa. Amma da zarar an miƙa wa ɗalibi na'ura an ce ya auna jinin abokinsa, sai ya ɗaura ta a kan hannun riga, ya saki iskar gaba ɗaya lokaci guda, sannan ya ce 120 bisa 80, domin lambar da ya sani ke nan a littafi. A darasin wayar da kai kuma, duk wanda na tsayar sai ya hau jero umarni, ku daina wannan, ku bar wancan, ba tare da ya tambayi mai saurarensa komai ba. Ina neman shawararku kan yadda zan sa hannunsu ya faɗa da irin kayan da muke da su, da yadda zan jarraba su bisa adalci, da kuma yadda ake yi da batun maza da mata wajen gwaji a jikin juna.

Amsa daga wata Hajiya, tsohuwar malamar makarantar jinya:

Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da kika bayyana ba baƙon abu ba ne, kuma mutum-mutumi ba shi ne matsalarki ba, domin kina da jikin mutane sama da ɗari a gabanki, kowanne da bugun jininsa da numfashinsa. Ki raba su uku-uku: ɗaya mai dubawa, ɗaya majiyyaci, ɗaya kuma mai sa ido riƙe da takardar matakai, sannan su yi karɓa-karɓa. Wajen nuna kowace dabara, ki bi tsarin nan mai matakai huɗu da ake danganta shi da wani likita mai suna Peyton. Da farko ki yi aikin a gabansu da saurin da kike yi a asibiti ba tare da magana ba, sai ki maimaita a hankali kina bayani, sai ki sake yi karo na uku amma ɗalibi ne zai riƙa gaya miki abin da za ki yi, a ƙarshe shi ya yi da hannunsa yana faɗin abin da yake yi. Mataki na uku ne malamai suka fi tsallakewa saboda ƙurewar lokaci, alhali a nan ne ake gane wanda ya fahimta da wanda yake gyaɗa kai kawai.

Game da awon jini, kada ki bari su taɓa na'ura sai sun iya zaunar da mutum. Ya huta kamar minti 5, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a tallafe daidai da zuciya, kuma ba ya magana. Su fara lalubar jijiyar wuyan hannu su hura iska har bugun ya ɓace, su ƙara maki 20 zuwa 30 a kai, sannan su riƙa sakin iskar maki 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa. Ki nuna musu da idonsu cewa ƙaramin maɗauri a kan damtse mai kauri yana ba da lamba sama da ta gaskiya. Idan sashenku zai iya sayen abin sauraren ƙirji mai kai biyu, wanda malami da ɗalibi ke saurare a lokaci guda, to ko guda biyu ne a saya, domin daga ranar babu wanda zai sake ƙirƙiro miki 120 bisa 80. Ni kan duba littafin ɗalibi, idan na ga duk lambobinsa da sifiri suke ƙarewa, sai in san kintace yake yi.

Amsa daga wani likita mai koyarwa:

Malama, ina goyon bayan Hajiya, sai dai zan ƙara cewa ɗalibi abin da za a ba shi maki a kai yake koyo. Muddin makin darasin yana kan takarda, hadda za su ci gaba da yi, kuma ba za a ga laifinsu ba. A 1990 wani masanin koyar da aikin likita mai suna George Miller ya kasa ƙwarewar ma'aikacin lafiya hawa huɗu: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna yadda ake yi, sannan yana yi a bakin aiki. Jarrabawar rubutu a hawa biyu na ƙasa take tsayawa. Hawa na uku kuwa ana auna shi ne da jarrabawar tasha-tasha da ake kira OSCE, wadda Ronald Harden na birnin Dundee a ƙasar Sukotland da abokan aikinsa suka fito da ita tun a 1975, wadda kuma Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ma take amfani da ita a jarrabawarta, saboda haka ɗalibanki za su gamu da ita ko ba jima ko ba daɗe. Ba ta buƙatar kaya masu tsada. Tasha ɗaya ta ɗaukar tarihin ciwo, ɗaya ta awon jini, ɗaya ta duba ƙarancin jini a cikin fatar ido da tafin hannu da farce, ɗaya ta ƙirga numfashin yaro a bidiyo na cikakken minti guda, inda ɗalibi zai faɗi ko ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, wanda shi ne ma'aunin saurin numfashi. Ki ba su takardar makin tun farkon zango, babu abin ɓoyewa a ciki.

Amsa daga wata sista mai kula da ɗakin majiyyata:

Ranka ya daɗe Dakta, a yi mini afuwa, ina da ja a kan takardar maki. Ɗaliban da ake turo mana sun iya cika kowane layi, amma sai ɗalibi ya yaye wa dattijuwa mayafi bai gaishe ta ba, bai faɗi ko shi wane ne ba, bai nemi izini ba. Ina ganin a ware maki mai nauyi ga gaisuwa da neman izini da suturta majiyyaci da wanke hannu, har ya zama wanda ya faɗi a nan ya faɗi tashar. Sannan a sa su ɗauki tarihin ciwo da Hausa, tunda da Turanci suka koya amma ba da shi za su yi aiki da yawancin majiyyatanmu ba.

Amsa daga wani jami'in lafiyar al'umma:

Malama, ni a kan darasi na biyu zan yi magana. Ɗalibanki suna wa'azi ne saboda sun ɗauka rashin sani ne kaɗai ke hana mutane lafiya. Yarjejeniyar Ottawa ta 1986 ta bayyana inganta lafiya da cewa bai wa mutane iko ne a kan abin da ya shafi lafiyarsu, kuma cikin fannoni biyar da ta lissafa, koya wa mutum dabarun kansa guda ɗaya ne kawai. Sauran sun shafi manufofin hukuma, da muhalli, da ƙarfafa al'umma, da sauya alƙiblar asibitoci zuwa rigakafi. Ki gwada su da misali ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda. Ɗalibi zai gaya wa magidanci mai hawan jini haka, ya ji ya gama aiki, alhali mutumin ba shi ke girki ba, tukunya ɗaya ake yi wa gida duka, kuma dunƙulen ɗanɗanon da ake jefawa a miya shi ma gishiri ne. Haka mai jego da aka ce ta ba jariri nono zalla har wata 6, ita ta ji, amma uwar mijinta ce ke ba shi ruwa idan rana ta take. Saboda haka ki kafa musu doka cewa babu mai ba da shawara sai ya yi tambaya uku tukuna, kuma idan ya gama ya ce wa mutumin ya maimaita masa abin da zai yi in ya koma gida, da bakinsa.

Ki kuma fitar da su zuwa cibiyar lafiya matakin farko ranar awo ko rigakafi, bayan an nemi izinin shugaban cibiyar da mai unguwa. A can za su haɗa darussan biyu wuri guda: su auna damtsen yaro da tef mai launi, su san cewa ƙasa da santimita 11.5 ga ɗan wata 6 zuwa 59 tamowa ce mai tsanani, su danna bayan ƙafarsa na daƙiƙa 3 su ga ko wurin ya lotsa, sannan su zauna da uwar su ji abin da ake ci a gidan. Sharaɗi ɗaya ne, kada a fita sai an san inda za a tura duk wanda aka samu da matsala.

Amsa daga wani matashi da ya kammala karatun jinya:

Malama, a kan tambayarki ta ƙarshe, abin da ya sauƙaƙa mana shi ne maza da maza, mata da mata, tare da labule tsakani, kuma ba a tilasta wa kowa ya zama majiyyaci ba. Duk abin da ya shafi al'aura ko mama a jikin mutum-mutumi aka koya mana. Sai dai a shirya tun farko, domin za a iya samun ɗalibin da jininsa ya kai 140 bisa 90 ko fiye. Kada a faɗa a gaban aji, kuma awo ɗaya ba ya tabbatar da ciwo. A kira shi gefe a tura shi asibitin makaranta a sake aunawa wata rana.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan fara da rukunin uku-uku a mako mai zuwa, in kuma kai wa shugaban sashe buƙatar mayar da wani kaso na makin zuwa jarrabawar tasha-tasha. Dakta, abin da ya rage mini shi ne masu ba da maki, tunda mu uku ne kacal a darasin. Ko ya halatta in nemi taimakon 'yan ajin ƙarshe?

Likita mai koyarwa:

A gwajin mako-mako ya halatta, har ma su kansu za su ƙaru. A jarrabawar da za ta shiga sakamako kuwa, ki roƙi sistocin asibitin koyarwa, ku zauna tare kafin ranar ku ba ɗalibi ɗaya maki kowa a takardarsa, ku kwatanta, har sai hannunku ya zo ɗaya.