Maganar da ke riƙe zuciya idan ta karaya

Bayan sujada muka zauna da wasu 'yan'uwa muna tattauna ayoyin da ke ƙarfafa mutum a ranar wahala. Yawancinsu sun ce a fara da Zabura 23, a karanta ta da murya, a hankali. Wata uwa ta ce Ishaya 41:10, mai cewa kada a ji tsoro, ta rubuta ta manna kusa da gadonta, domin da dare tsoro ya fi kama ta.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan Romawa 8:28, mai cewa kome yana aiki ne domin alherin masu ƙaunar Allah. Gaskiya ce, amma wani dattijo ya ce kada a jefa wa mai makoki ita ranar da ya yi rashi. Ya tuna mana abokan Ayuba, waɗanda suka zauna da shi kwana 7 ba su ce uffan ba, sai da suka buɗe baki suka ɓata. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

An kuma ce a riƙa karanta ayar da ke gaba da ta baya. Misali Filibiyawa 4:13, mai cewa zan iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa ni, Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, yana maganar ƙoshi da yunwa.