Ƙarar da injina ke yi da asuba tun shigowar hunturu

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Corolla ce gare ni ƙirar 2006, da ita nake kai yara makaranta daga Tumfure. Tun da sanyin nan ya shigo, in na tada ta da asuba sai in ji ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar ana buga cokali a kwano, wajen daƙiƙa 4, sannan ta lafa. Danjar bakin mai ma sai ta jima kafin ta mutu. Da rana lafiya lau. Bakin mai 20W-50 ake zuba mini, kuma nakan taka totur don ta yi saurin ɗumi. Maƙwabcina ya ce fistin ne ya cinye, sai an sauke inji. Wallahi hankalina ya tashi, ba ni da halin wannan aikin yanzu.

Bakanike daga Bolari: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar ka bari a kwance maka inji tukuna. Mota in ta kwana, mai yakan tsiyaye ya koma ƙasa, ɗan shafe kawai ke saura a bangon silinda. Kai kuma sai ka taka totur, fistin na sama da ƙasa da gudu alhali famfo bai kawo mai ba. A nan ringin fistin ke cin bango. Ka daina daga yau. Shi kuma 20W-50, tsoma yatsa a galan da sassafe ka gani, kamar zuma yake. Injinka 5W-30 aka rubuta masa. Lambar da ke kafin W ita ke nuna gudun mai cikin sanyi, ƙarama ta fi saurin kaiwa.

Direban hanyar Kumo: Oga, to zafin Gombe fa a watan Afrilu? Mu mai kauri muka sani. Kuma minti 15 nake barin tawa tana ɗumi a tsaye.

Bakanike daga Bolari: Alhaji, lafiyayyen inji in ya ɗau zafi wajen digiri 90 yake tsayawa, ko Afrilu ko Janairu. Doguwar tsayuwar nan kuwa ba gata ba ce. Inji mai sanyi fetur yake sha da yawa, rarar tana wanke man jikin silinda, ta gangara ta tsinka bakin mai. Minti ɗaya ya isa, sai a ja a hankali har allurar zafin inji ta hau. Wanda injinsa ya tsufa yana shan bakin mai, ya gwada 10W-40.

Malami daga Pantami: Ni filtar bakin mai nake zargi. Akwai wata roba a cikinta mai hana mai komawa ƙasa da dare. Na taɓa sayen mai araha, ƙarar nan sak na riƙa ji har na cire ta. Da fistin ne ke lilo a silinda, ƙarar ba za ta tsaya a daƙiƙa 4 ba, sai ƙarfen ya ɗumi ya buɗe. Ka kuma tambaya ko an cire maka tamostat, wato abin da ke tsare ruwa a inji har ya ɗau zafi, don a garin nan an mayar da cire shi al'ada, inji ya wuni bai ɗau zafin kirki ba.

Mai tambaya: Malam, kamar kana wurin! Bara aka cire shi, aka haɗa fanka kai tsaye, allurar da ƙyar take ɗagawa. Gobe in sha Allahu zan yi juye, in sa filta mai kyau, a mayar da tamostat. Allah ya saka da alheri.