Me ya sa tsofaffin komik na zombi suka fi armashi a baƙi da fari?

Ɗan_Alƙalami:
Assalamu alaikum, masana. Tambayata kashi biyu ce. Tsofaffin komik na zombi da aka fi yabo, na shekarun 1960 da 1970, kusan dukkansu baƙi da fari ne, kuma girmansu na mujalla, ba na ƙaramin komik ba. Rashin kuɗin kala ne ya jawo, ko da wani dalili? Sannan wanda ya mallaki 'yan kwafi da takardarsu ta fara rinewa, yaya zai adana su kada su rududduge?

Baba_Tawada:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuɗi na ciki, amma takunkumi ne babban dalili. A 1954 aka yi ca a kan komik na ban tsoro a Amurka. Likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya zarge su da lalata yara, wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a kan batun, har William Gaines na kamfanin EC ya je ya ba da bahasi. Masu bugawa suka tsorata, suka kafa hukumar tacewa ta kansu, Comics Code Authority, wadda ta haramta gawa mai tafiya (wato zombi), masu shan jini da masu cin naman mutane. A lokacin, komik ɗin da ba shi da hatimin hukumar, yawancin dillalai ba sa ɗauka. A lura, na EC da aka kashe a lokacin masu kala ne.

Kafar da aka samu ita ce dokar ba ta shafi mujalla ba. Gaines ya mayar da komik ɗinsa na barkwanci, Mad, mujalla a 1955, sai James Warren ya bi ta wannan ƙofa da Creepy a 1964 da Eerie a 1966: bango mai kala, sau da yawa zanen Frank Frazetta, ciki kuwa baƙi da fari, don ya fi arha. Kamfanin Skywald ya biyo baya da mujallun Nightmare da Psycho.

Abin dariyar shi ne, da aka sassauta dokar a 1971 an yafe wa masu shan jini da mutane masu rikiɗa kerkeci, wai suna da asali a adabi, amma zombi aka bar shi a waje. Shi ya sa Marvel ta riƙa rubuta "zuvembie" a komik ɗinta masu kala. Da ta so zombi na gaske sai ta buga mujallar Tales of the Zombie daga 1973 zuwa 1975, fitowa 10 da ƙarin fitowa ɗaya ta musamman ta shekara. Jarumin, Simon Garth, Stan Lee da Bill Everett ne suka ƙirƙire shi tun 1953. Steve Gerber ya farfaɗo da shi, Pablo Marcos ya yi yawancin zanen. Zombin tsafin budu ne irin na Haiti, bawan duk wanda ya riƙe layarsa, ba irin garken masu cin mutane da fim ɗin George Romero na 1968 ya kawo ba.

Mai_Buroshi:
Baba ya gama da tarihi. Ni ina ganin takunkumin nan gobarar Titi ce ga masu zane, domin ruɓaɓɓiyar gawa ta fi dacewa da tawada. Injin buga kala na wancan zamani launuka huɗu yake jerawa da manyan ɗigo, kuma sau da yawa launi kan zame ya fita daga layi. Jini ya fito jawur kamar fenti, fata ta fito kore, tsoron ya tafi. A baƙi da fari kuwa mai zane ne ke da iko da kowane lungu. Ya cika rabin fuska da baƙi, ya bar ramin ido ɗaya, sauran kai za ka ƙarasa a zuci.

Hanyoyin samar da toka-toka guda huɗu ne, kuma idan ka gane su za ka fi jin daɗin shafin. Akwai saƙar layuka da siririn bakin alƙalami irin Hunt 102, inda yawan layi ke ƙara duhu. A nan Bernie Wrightson da Reed Crandall suka yi fice. Akwai tawadar da aka tsinka da ruwa ana shafawa da buroshi, ita ce ke ba da hazo da hayaƙin maƙabarta. Akwai Zip-A-Tone, leda mai ɗigo-ɗigo da ake mannawa a yanke da reza. Sai kwalin Craftint, wanda aka buga ɗigo ko layuka a jikinsa ba sa ganuwa sai an shafa sinadari, wanda iri biyu ne: ɗaya ya fito da inuwa mai haske, ɗaya mai duhu.

Inda ake samun matsala: ana zana shafi kusan ninki ɗaya da rabi na girman da za a buga. Idan aka rage shi, layuka da ɗigo suna matsewa, ga takardar jarida tana shan tawada tana bajewa. Ɗigon da ya yi ƙanƙanta sai ya haɗe ya zama dunƙulen baƙi. Don haka gwanaye ke zaɓar mai manyan ɗigo. Wannan 'yar dauɗar, da baƙin da bai cika baƙi ba, rabin abin da mutane ke kewa ke nan. Sabon bugun Creepy na kamfanin Dark Horse da ya fara a 2008 a farar takarda mai kauri ya fi nuna aikin hannu, amma ya yi tsafta fiye da kima.

Hajiya_Adana:
Malam mai tambaya, ga kashi na biyu. Takardar jarida daga niƙaƙƙen itace aka yi ta, tana ɗauke da sinadarin lignin, wanda haske da iska ke mayarwa ruwan ƙasa, asid kuma ya ci zaren takardar. Abin da ya rine ya rine, ba ya dawowa; rage gudun lalacewa kawai za ka yi.

Sa kowace mujalla a ledar Mylar mai girman mujalla, wajen inci 8 da rabi a faɗi, 11 a tsawo, domin ta komik ba za ta ɗauke ta ba. Ka guji ledar PVC, tana fitar da sinadarin da ke cin takarda. Sa kwali marar asid a bayanta, ka jera su a tsaye cikin akwati, kada su matsu, kada kuma su langaɓe. Zafi ya tsaya wajen digiri 18 zuwa 21, laima kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, a wuri mai duhu. Laima ta yi yawa, wayar da ta ɗinke tsakiya za ta yi tsatsa ta ɓata shafi, fumfuna kuma ta fito. Bushewa ta yi yawa, gefen takarda ya riƙa karyewa. Kada ka liƙe yagewa da salatif, gam ɗinsa na ratsa takarda ya bar tabo. In za ka zaro mujalla, cire salatif ɗin bakin ledar gaba ɗaya tukuna, don shi ke kama bango ya ɗaye shi.

Ɗan_Alƙalami:
Allah ya saka da alheri. To in mutum zai ɗauki shafukan a kwamfuta don rage taɓa na asali fa?

Mai_Buroshi:
Ɗauka a toka-toka, dpi (yawan ɗigo a kowane inci) 600 ko sama, ka adana hoton a tsarin fayil na TIFF, ba JPEG ba. Ƙasa da haka ɗigon Zip-A-Tone na karo da na na'urar, sai ka ga wata zayyana kamar tabarma ta hau hoton. Kada ka danne gadon bayan mujallar a gilashi. Sa baƙar takarda a bayan shafin, don kada zanen ɗaya gefen ya leƙo.

Baba_Tawada:
Ƙari kaɗan. Salon bai mutu da rufewar kamfanin Warren a 1983 ba. Deadworld ta fito a 1987 da zanen Vince Locke, The Walking Dead kuma ta yi fitowa 193 daga 2003 zuwa 2019 a baƙi da fari, ba tare da wata hukuma ta tilasta ba. Daga 2020 an sake buga ta da kala, don haka mai son gwada maganar Mai_Buroshi ya ajiye shafi ɗaya na bugun biyu gefe da gefe, musamman na dare.