Taƙaitawar mahawara kan hujjar da aka samo ta haramtacciyar hanya

1. An yi ittifaƙi cewa kotu ba ta karɓar amsa laifin da aka tatsa da azaba, bisa sashe na 29 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, don haka ya kamata lauyan wanda ake tuhuma ya ƙalubalance shi da zarar an gabatar.

2. An saɓa kan kayan da aka ƙwace ba da izinin bincike ba. Wasu na son tsarin watsi da su, wanda Kotun Ƙolin Amurka ta ɗora wa jihohi a 1961 domin taka wa 'yan sanda birki, wasu kuwa, kuma hujjarsu ta fi gamsar da ni, sun zaɓi sassa na 14 da 15 na Dokar Shaida ta Nijeriya, inda alƙali ke auna muhimmancin hujjar da girman keta dokar.