Hoton dikoda ya ƙi shiga kwamfuta, allo baƙi ƙirin: ina mafita?

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum jama'a. Masu sanin kayan lantarki ku taimaka mini don Allah, yau kwana 3 ke nan ina fama.

Babanmu ba abin da yake so kamar kallon tarawihin Makka. To Saudiyya ta riga mu da awa 2, lokacin da liman zai tayar da salla can, mu nan ana jera kunu da ƙosai a tabarma. Daga nan magariba, isha'i, asham. Kafin ya dawo daga masallaci an sallame. Bara haka ya yi ta mita har aka ga wata. Bana na yi masa alkawarin zan naɗa masa a laftof, ya riƙa kallo da hantsi.

Da farko na cire wayar HDMI, mai kawo hoto daga dikoda, daga talabijin na soka a laftof. Shiru. Ƙanena ya sha dariya, ya ce wannan ramin fitar da hoto kawai yake yi, ba ya karɓa. Sai na aro 'yar na'urar ɗaukar bidiyo ta USB wurin abokina mai ɗaukar biki, na sa OBS, manhajar naɗar bidiyo a kwamfuta. Idan na haɗa ta da kyamararsa, hoto tar. Idan na haɗa da dikodarmu ta biyan kuɗi, baƙi ƙirin. Na sake waya har sau 2. Na'urar ce ta lalace, ko ni ne ban iya ba?

Mai Ɗaura Dish, Jega:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba abin da ya lalace, kada ka sake ɓata kuɗinka wurin waya. Wanga abu da ka gamu da shi sunansa HDCP. Makulli ne da kamfanin Intel ya ƙirƙiro don kada a kwafi hoton da ke bin waya. Kafin dikoda ta saki hoto, sai ta gaisa da abin da anka haɗa ta da shi, ta nemi shaida. Talabijin na da shaidar, sai ta buɗe masa ƙofa. Na'urar abokinka ba ta da izinin naɗar hoto mai makulli, shi ya sa ka ga duhu. Kyamara kuwa ba ta sa makulli ko kaɗan.

Hanya mafi sauƙi: juya bayan dikodar, za ka ga ramuka 3, rawaya da ja da fari. Wanga tsohon layi babu makullin HDCP a kansa. Sai dai hoton ya faɗo zuwa layi 576 maimakon 1080, rubutun ƙasan allo ya yi dishi-dishi. Da ana samun dikoda mai ramukan kore da shuɗi da ja, waɗanda ke ɗaukar hoto mai kyau har 1080i ba makulli, amma sababbin da nike ɗaurawa yanzu ban cika ganinsu a jiki ba.

Wasu na sa akwatin raba HDMI gida 2 a tsakani, don akwai masu arha da ke zubar da makullin a hanya. Ni dai caca nike kiran wannan. Kwali ɗaya, kala ɗaya, wannan ya yi, wancan ya ƙi, kuma mai shago ba ya karɓar kayan da anka buɗe.

'Yar Gusau:

Malam na Jega, ka yi bayani mai kyau, amma zancen akwatin nan a yi hattara. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta hana karya irin wannan kariya, har da sayar da kayan da aka yi musamman don karya ta. Amurka ta yi tata tun 1998. Makullin kansa ba wani ƙarfi gare shi ba, tun Satumban 2010 babban mabuɗinsa ya fita a intanet, Intel ma ta amsa cewa na gaske ne. Amma don kwaɗo ya yi tsatsa ba shi ya halatta maka shiga ɗaki ba. Ga shi aikin lada kake nema cikin azumi.

Tambayata gare ka Ɗan Kabi: tarawihin kaɗai za ka naɗa, ko akwai ƙwallo a ƙasan zuciya?

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi:

Hajiya kin kama ni. Wallahi na ɗan yi tunanin wasannin Ingila. Amma na Baba ne a gaba.

Tsohon Injiniya, Argungu:

Ɗana, duk kun taru a bakin ƙofar da ke kulle, ga wata nan a buɗe ba wanda ya kalle ta.

Tashar Haramin Makka ta gwamnatin Saudiyya ce, kyauta take saukowa daga tauraron ɗan Adam, a Nilesat da Arabsat. Babu makulli a kanta daga sama. Dikodarka ce ke liƙa makullin a bakin fita, kuma ba ta tantance tashar kuɗi da ta kyauta, duk abin da ya bi wannan rami sai ta kulle shi. To me ya kai ka tsayawa a bakin fita? Ka tare ruwan tun daga gulbi.

Ka samu risiba, wato akwatin kama tashoshin kyauta ta dish, irin mai ramin USB da maɓallin naɗa a rimot. Ka tabbata an rubuta DVB-S2 a kwalin, idan ba haka ba ba za ta kama tashoshi masu hoton HD ba. Ka soka filash, ka saita lokacin farawa da na tsayawa, ka tafi masallacinka. Abin da take ajiyewa shi ne ainihin abin da ya sauko daga sama, ba a sake matse shi ba, don haka ya fi duk abin da OBS zai ba ka kyau. Fayil ɗin yana ƙarewa da .ts, manhajar kallon bidiyo ta VLC na buɗe shi. Akwai kuma kati mai aikin risiba da ake haɗawa da kwamfuta kai tsaye, amma wanda wutarsa ke zuwa tana tafiya, risiba ta fi masa, ƙaramin batirin sola ya ishe ta.

Ka yi lissafin wuri tun yanzu. Idan tashar na zuwa da megabit 8 a daƙiƙa, awa guda za ta ci giga 3.6. Salla ta awa 1 da rabi, giga 5.4 ke nan, dare 30 kuwa 162. Filash mai giga 32 ba zai kai ka mako ba. Kuma idan tsarin ajiyar filash ɗin FAT32 ne, fayil guda ba ya wuce giga 4, sai risiba ta gutsuttsura shi. Ni haka na yi da wani shiri, na iske gutsure barkatai, na rasa na farko da na ƙarshe. Ka riƙa kwashewa kullum bayan asuba kana sa musu kwanan wata.

Ƙwallo kuwa, ka bar wa dikoda mai naɗa a cikinta. Tana ajiyewa, ka kalla a kanta, amma fayil ɗin a kulle yake, ko ka zare ma'ajiyar ka kai kwamfuta ba zai buɗe ba.

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi:

Baba na Argungu, Allah Ya saka da alheri, Ya ja kwana. Abin dariya, ashe akwai tsohuwar risiba a ɗakin Inna, ƙarƙashin gado, cikin kwalin taliya. Na kakkaɓe ta, maƙwabcinmu mai dish ɗin Nilesat ya yarda na ja waya ta kan katanga. Jiya na gwada minti 20 na sallar isha'i, ya buɗe a laftof lafiya lau. Baba ya matso da kujera har hancinsa na neman taɓa allo, yana nuna mini ƙofar da ya shiga shekarar da ya sauke farali.

Saura abu guda. Agogon risibar yana nuna lokacin da ba namu ba, na saita ƙarfe 6 ta tashi naɗa tun ana la'asar. Malam na Jega, a ina ake gyara shi?

Mai Ɗaura Dish, Jega:

Shiga saitin lokaci, ka mai da shi GMT+1, wato lokacin Najeriya. In ya ƙi zama, kashe na atomatik ka sa da hannu, kuma ka duba shi duk sanda anka ɗauke wuta.