Ta yaya kuke gane bayanin kayan aiki ya ishi wakilin AI?

Mai Buɗe Zance:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da MCP, wato ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki na waje, a Nuwamban 2024, kowa ya duƙufa rubuta kayan aikin da wakilai masu ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajojin da ke gudanar da aiki da kansu, za su riƙa kira. Kowane kaya yana da suna, da bayani, da tsarin abin da ake shigar masa a JSON Schema, wato ƙa'idar fayyace tsarin bayanai. Wakilin ba ya ganin lambobin manhajar da ke cikin kayan, da rubutun nan kaɗai yake yanke shawara. To da me kuke auna ingancinsa? Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ni ba na auna bayani da karatu, don sau da yawa mai daɗin karatu ne ke ɓatar da wakili. Mukan tara ayyuka na gaske irin waɗanda masu amfani ke kawowa, mu saki wakilin a kansu, sannan mu bi tarihin kiran da ya yi ɗaya bayan ɗaya. Muna da kaya biyu, ɗaya na neman abokin ciniki, ɗaya na neman odarsa, duka an fara bayaninsu da "yana nemo bayanai". Wakilin ya yi ta rikita su. Da aka ƙara wa kowanne jimla guda mai faɗin lokacin da bai kamata a kira shi ba, rikicin ya lafa. Sai dai a ware wasu ayyukan da ba a dubawa yayin gyara, in ba haka ba jarrabawar kawai kake wa ɗinki.

'Yar Bayanai:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni matsalata tana wajen gurabe, wato wuraren da wakili ke cikewa in zai kira kaya. An rubuta "kwanan wata" kawai, wakili ya aiko 03/04, manhajar ta ɗauka 4 ga Maris alhali 3 ga Afrilu ake nufi. Ba ta ko yi ƙorafi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Yanzu duk gurbin da ba a faɗi tsarinsa ba, kamar ƙa'idar rubuta kwanan wata ta ISO 8601, ko ba a ce suna ake so ko lambar shaida ba, mayar da shi nake yi. Saƙon kuskure ma ina lissafa shi cikin bayani. "An samu matsala" ba ya koya wa wakili komai. A gaya masa gurbin da ya ɓata da yadda zai gyara.

Tsohon Hannu:
Ku yi a hankali da tsawaitawa. Duk bayanan nan suna zama cikin ƙwaƙwalwar aikin wakilin tun kafin ya fara komai, kuma kuɗi ake biya a kansu. Mun haɗa sabobi da yawa, wato manhajojin da ke samar wa wakili kayan aikin, lokaci guda, zaɓinsa ya lalace. Rage yawan kayan ne ya taimake mu.

Injiniya:
Haka ne yallaɓai. Inda ake ruɗewa ne nake tsawaitawa, sauran layi biyu ya isa.

Mai Tsaro:
Ban ji wanda ya taɓo amana ba. A Afrilun 2025 kamfanin tsaron AI na Invariant Labs ya nuna yadda ake cusa umarni a ɓoye cikin bayanin kaya, mutum ba ya gani a allonsa amma wakili ya karanta ya bi. Duk sabar da ba mu muka rubuta ba, sai na karanta cikakken bayaninta, na adana kwafi, don ana iya canza shi bayan ka amince.

Ɗalibi:
Malamai, ba za a ba wani samfurin AI ya ba bayanan maki ba? Na ga kuma akwai jadawalin Jami'ar Berkeley mai jera samfuran AI bisa ƙwarewarsu wajen kiran kayan aiki.

'Yar Bayanai:
Ƙanena, wancan jadawalin samfura yake gwadawa, bai san kayanka ba. Batun maki kuwa na gwada: alƙalin yana kama gurbin da aka manta, amma dogon rubutu mai tsari yana burge shi ko da bai yi aiki ba. Ya fi amfani in ka ba shi tarihin kiran da ya gaza, ka ce ya nuna jimlar da ta ruɗar da wakilin. Ka gyara ta, ka sake gudanar da ayyukan duka, har da waɗanda suka yi daidai a baya.