Matsin mashin ɗina na esfireso ya rikice, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Baban Ikram:
Salam jama'a. Dan Allah ina neman waɗanda abin nan ya taɓa faruwa da su. Mashin ɗina na haɗa kofi mai kauri shekararsa biyu da 'yan watanni, da allurar agogon matsin ruwa tana tsayawa daram kan bar 9 (bar ma'aunin matsi ne), in zuba giram 18 na kofi ya ba ni giram 36 na ruwan kofi cikin sakan 28 ko 30. To yau sati uku kenan abu ya rikice, ko na cire mariƙin kofin gaba ɗaya ruwan da ƙyar yake fitowa, tururin ma ya yi sanyi, madara sai ta daɗe kafin ta yi kumfa. Ruwan famfo nake zubawa tun da na saya kuma ban taɓa wanke cikinsa ba. Wani ya ce min fam ɗin da ke turo ruwa ne ya mutu in sayi sabo, amma hankalina bai kwanta ba.

Maman Sadik:
Wslm Baban Ikram. Kar ka yi saurin sayen komai tukuna. Ni nawa akasin naka ne, allura ba ta wuce 4, kofi na zubowa shaaa kamar shayi cikin sakan 10 an gama, wlh har na naɗe mashin zan kai gyara. Ashe kofin ne ya tsufa, niƙaƙƙe nake saya in buɗe leda ya yi wata biyu. Ranar da na samu sabon suya na niƙa da kaina ya yi laushi sosai, nan take allura ta koma 9. Amma tunda kai ka ce ko babu kofi ruwan ba ya fita to naka daban ne.

Injiniya:
Abin da Maman Sadik ta faɗa shi ne inda mutane da yawa suke ruɗewa. Fam turo ruwa kawai yake yi, garin kofin da ka danne shi yake tare ruwan har matsi ya taru. Shi ya sa in babu kofi allura ba ta tashi, kuma wannan ba matsala ba ce. Bar 15 ɗin da ake rubutawa a jikin kwali ƙarshen ƙarfin fam ɗin ne, esfireso wajen 9 yake so, kuma mashina da yawa suna da wani bawul mai sifirin da ke mayar da rarar ruwa tanki in matsi ya wuce inda aka saita. Ni a nawa farin ɓawon nan da ruwa ke bari ne ya maƙale a bakin bawul ɗin ya hana shi rufuwa, ruwa na ta komawa tanki tun kafin matsi ya kai 6. Da ido na gani, na ɗaga ɗan tiyon da ke komawa tanki lokacin da nake haɗa kofi sai ga ruwa na zuba a ciki.
Malam ga gwajin da nake yi. Cire mariƙin, sa kofin shayi wanda babu komai a cikinsa a kan sikeli, kunna ruwa sakan 30 ka rubuta nauyin. Sai ka buɗe bututun tururi ka fitar da ruwa ta can. In ta can yana fita da ƙarfi amma ta kai, wato inda ake maƙala mariƙin, ba ya fita, fam ɗinka lafiya lau, toshewar tana hanyar kai. In duk biyun babu ƙarfi to ka duba tiyon da ke jan ruwa daga tanki da matacin bakinsa kafin ka zargi fam.

Yaya Babba:
Ƙanena ni dai gargaɗi zan maka kafin ka zuba maganin wanki, don abin da ya same ni ya ƙona min rai sosai. Nawa ya yi shekara huɗu ba a wanke ba, na jiƙa sitirik asid na zuba, na bar shi ya ɗan zauna, na ɗauraye, ina murna. Washegari ko ɗigo ɗaya babu ta kai, fam na ta ƙara a banza. Abin da ya faru shi ne ɓawon ya yi kauri sosai a cikin tukunyar da ke dafa ruwan mashin, asid ɗin bai narkar da shi duka ba sai ya ɓamɓaro shi gutsi-gutsi, ɗan ƙaramin gutsure da bai kai kan allura ba ya je ya toshe ramin solinoid, wato ɗan bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa ruwa hanyar kai, ya kuma sauke matsi a tire in an kashe. Ramin nan ƙarami ne ƙwarai. Sai da na zare wuta, na bar mashin ya huce, na kwance solinoid ɗin na jiƙa shi daban na hura ramin sannan ruwa ya dawo, kuma bayan kwana biyar ya sake toshewa da wani gutsuren. Sau uku na kwance shi. A ƙarshe tukunyar na buɗe, abin da na tarar a ƙasanta kamar an farfasa alli an zuba. Tun daga ranar in zan wanke ta bututun tururi nake fitar da yawancin ruwan maganin don kar tarkace ya bi ta solinoid. Kuma dan Allah duk wanda zai buɗe ya zare filogi, akwai wuta da ruwan zafi a ciki.

Anti Amarya:
Ni khal (vinegar) na taɓa zubawa, ba zan sake ba. Sati guda cur kofi na warinsa duk da tanki huɗu da na ɗauraye da shi. Sannan ku duba littafin mashin ɗinku, wasu tukunyarsu alminiyom ce kuma ba kowane asid take jurewa ba, shi ya sa masu ƙera su suke faɗin irin maganin da za a sa.

Ɗan Auta:
Yaya Babba ni ma bayan wanki nawa ya ɗauke, amma iska ce ta shiga fam don na bari tanki ya ƙare ƙarƙaf. Ƙarar ta koma wata iri mai kaushi babu ruwa. Na cika tanki, na buɗe tururi, na kunna fam kaɗan kaɗan har ya yi tari ya fara turo ruwa shikenan. Kar dai a bar shi yana ta aiki a bushe.

Baban Ikram:
Ngd sosai jama'a. Injiniya na yi gwajin, ta bututun tururi ruwan ya fi na kai ƙarfi amma shi ma ba kamar da ba. Na kwance rariyar kai na ga bayanta baƙi ƙirin da maiƙon kofi, rabin ramukan a toshe. To wai shi farin ɓawon daga ina yake zuwa ne, ruwana fa garau yake.

Injiniya:
Garau a ido ba ya nufin komai Malam. Kalsiyam da magniziyam a narke suke cikin ruwa ba ka ganinsu, sai an dafa ruwan suke fita su manne a ƙarfe, irin wanda kake gani a gindin butar lantarki. Zafi na ƙaruwa suna ƙara fita, ruwan kofi wajen digiri 93 yake amma na tururi ya haura 120, shi ya sa ɓangaren tururi yake fara nunawa. In ɓawon ya rufe hita kuma zafi ba ya ratsawa da kyau, sai kofi ya riƙa fitowa da tsami. Leƙa butarka, in ta yi fari to cikin mashin ma haka yake. Baƙin da ka gani a rariya kuma daban ne, maiƙo ne, asid ba ya cire shi sai garin wanke kan mashin. In naka mai solinoid ne sai ka sa ƙoƙon nan marar rami ka kunna ka kashe ruwan ya koma da baya ya wanke hanyar, in babu solinoid kar ka yi, jiƙa rariyar kawai.

Hajiya Umma:
'Ya'yana ni na gaji da wanki ne na koma kan ruwan. Da farko tataccen ruwa zalla na zuba wanda babu komai a cikinsa, sai kofi ya zama lami, kuma mashin ya riƙa cika tukunya ba ya tsayawa, ashe ɗan ƙarfen da ke gane ruwa ya cika sai da ɗan gishiri-gishiri a ruwan yake aiki. Yanzu a kowace lita ta tataccen ruwa ina sa giram 0.1 na fotasiyam baikabonet, babu kalsiyam a ciki balle ya daskare. Shekara biyu kenan, da na buɗe don canza robar da ke hana yoyo cikin tukunyar tas. Wanda ba zai iya wannan ba ya samu 'yar takardar gwajin nauyin ruwa ya san abin da yake zubawa, ɗan mitan nan na TDS jimillar komai yake nunawa ba ya ware kalsiyam.

Maman Sadik:
Hajiya kin tuna min roba. In kofi na tsiyaya ta gefen mariƙi matsi ma faɗuwa yake, tawa ta bushe ta yi tauri kamar katako sai da na ɓalle ta gutsi-gutsi.

Baban Ikram:
Alhamdulillah ga inda ake. Na wanke rariya, na sa maganin da littafin ya ce, na fitar da shi ta bututun tururi kamar yadda Yaya Babba ya ce, ruwan ya fito fari-fari da ƙananan gutsattsari. Yau da safe allura ta tsaya kan 9, sakan 29, tururi ya dawo da ƙarfinsa, fam ɗin da aka ce ya mutu yana nan yana aiki. Na rubuta nauyin ruwan sakan 30 na manna a gefen mashin don in riƙa gwadawa duk wata. Amma da na kashe sai na ji solinoid bai yi fishhh ɗin da ya saba ba kuma garin kofin ya fito a jiƙe, Yaya ko irin naka ne ya fara?

Yaya Babba:
Da alama shi ne ƙanena. Fara gwada ƙoƙo marar rami sau biyar ko shida ka ga ko ruwa zai faɗa tire. In bai faɗa ba zare wuta ka bar shi ya huce, ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka cire su.